Uhola da masu fasahar yau: Abin da Zuru za ta koya daga garuruwan da baje kolin zane ya farfaɗo da su

Jihar Kebbi tana da manyan bukukuwan al'ada guda uku da take tinƙaho da su: kamun kifi na Argungu, Rigata ta Yawuri, sai Uhola ta ƙasar Zuru. Biyun farko ruwa ne ya haife su, ɗaya a kogin Matan Fada, ɗaya a kogin Neja. Uhola kuwa 'yar tudu ce, bikin manoma da matasa a ƙasar duwatsu.

Tun da Gwamna Nasir Idris ya hau mulki a watan Mayun 2023, gwamnatin jihar ta sake mayar da hankali kan waɗannan bukukuwa, tana kallon su a matsayin hanyar jawo baƙi da masu zuba jari. Niyya ce mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan an ajiye ganguna, an kwashe rumfuna, motocin manyan baƙi sun kama hanyar Birnin Kebbi, me ya rage wa garin? Wa ya samu kuɗi? Wane sabon abu aka ƙirƙira wanda babu shi bara?

A wasu ƙasashe, ƙananan garuruwa, musamman na bakin teku da kasuwarsu ta mutu, sun amsa wannan tambaya ta hanyar ba masu fasahar zamani wuri: masu zane, masu ɗaukar hoto, masu gini da yumɓu, masu saƙa. Zuru ba ta da teku. Amma tana da abin da yawancin waɗancan garuruwa ba su da shi, wato tsohuwar sana'ar gina siffofi da yumɓu wadda masana a ƙasashen waje suka daɗe da sanin ta. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan gado da hannun masu rai, kuma Uhola ce wurin da ya fi dacewa a fara.

Mece ce Uhola?

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. A ƙarƙashin Sarkin Zuru akwai sarautu biyar: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Ƙabilar da ta fi yawa ita ce Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuma C'lela. Tare da su akwai Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Acifawa, Hausawa da Fulani. Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya suna zaune tare, sau da yawa a cikin dangi ɗaya.

A asali, Uhola biki ne na godiya bayan an kai amfanin gona gida, kuma kowane gari da nasa. Haka nan ita ce ke nuna cewa wani rukunin samari da 'yan mata sun fita daga ƙuruciya. Daga nan saurayi zai shiga golmo, wato noman da yake yi wa surukinsa tare da tsararsa, wanda a al'ada yakan kai shekara bakwai kafin a ba shi mata. Mutanen Zuru da dama na danganta juriyar da aka san 'ya'yansu da ita a aikin soja da wannan horo.

A zamanin marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na II, wanda ya yi gwamnan soja a jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, bikin ya ƙara suna a matsayin taron masarauta baki ɗaya, haɗe da baje kolin amfanin gona. Sarkin ya rasu a watan Agustan 2025, kuma Alhaji Sanusi Mika'ilu Sami ya gaje shi a matsayin Gomo na III. Sabon sarki yakan zo da damar sake duba abubuwa, har da fasalin biki.

Wanda ya bi hotuna da bidiyon Uhola a Facebook ko TikTok zai ga abubuwan da suka fi fitowa fili: raye-raye, kokawa, adon gargajiya, damman dawa da buhunan hatsi, sai jawaban manyan baƙi. Duk suna da kyau, babu wanda ke cewa a cire su. Amma baƙon da ya zo yana komawa da hoton Zuru ta jiya kaɗai. Matashin da ke zane a garin yau, ko macen da ke gina tukunya a ƙauye, ba su ne ake zuwa kallo ba.

Tukwanen da suka yi suna a waje

Duk wanda ya buɗe kundin kayan fasahar Afirka na wani gidan tarihi ko kamfanin gwanjo a Turai da Amurka, zai iya cin karo da kalmar "Dakakari". Abin da ake nufi shi ne siffofin yumɓu da Lelna ke ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane: sarakuna, shahararrun maharba, jarumai, 'yan kokawa da manyan manoma.

Yawanci ƙasan abin tukunya ce mai zagaye, a samanta kuma siffar mutum, ko mahayin doki, ko dabba irin su giwa da gada. Mata ne ke gina su, kuma ba kowace mace ba: wasu gidaje ne ke da ilimin, uwa ta koya wa 'ya. Tun 1944 wani Bature, R. T. D. Fitzgerald, ya wallafa nazari a kansu, sannan Allen Bassing ya sake yin wani a mujallar African Arts a 1973.

Abubuwa biyu suka faru da wannan sana'a. Na farko, yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ta sauya yadda ake binne mamaci, sai buƙatar tukwanen ta ragu ƙwarai. Na biyu, dillalan kayan tarihi sun gano cewa suna da daraja, da yawansu suka bar ƙasar, duk da cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba.

Ga abin takaicin. A ƙarƙashin irin wannan tukunya a gidan tarihi na waje, za ka ga sunan ƙabila, sunan ƙasa, wani lokaci da sunan Baturen da ya saye ta. Da wuya ka ga sunan matar da ta zauna ta gina ta. Ita ta yi aikin, wani ya ci riba, wani kuma ya yi suna. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba dole ba ne labarin ya ƙare haka. Duba takardar naira 20 da ke aljihunka. Matar da ke bayanta Ladi Kwali ce, Bagwariya mai ginin tukwane, wadda ta shiga cibiyar koyar da aikin yumɓu ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ta riƙe salon zanen da ta gada a gida, ta haɗa shi da sabuwar dabarar gashi, aka baje ayyukanta a Landan da wasu biranen duniya, da sunanta a jiki. Matan Lelna ba su gaza ta gwaninta ba. Ita ta samu wurin aiki, da kasuwa, da wanda ya rubuta sunanta.

Me garuruwan bakin teku suka yi?

Margate ƙaramin gari ne a gaɓar tekun kudu maso gabashin Ingila. Da can nan ma'aikatan Landan ke zuwa hutu. Da jirgin sama ya yi araha, mutane suka koma zuwa Sifen, otal-otal suka rufe, garin ya shiga sahun mafiya talauci a yankin. A watan Afrilun 2011 aka buɗe gidan baje kolin Turner Contemporary a bakin ruwa, kan kuɗi kimanin fam miliyan 17, kuma shiga kyauta ne. A 2019 a garin aka yi bikin ba da lambar Turner, mafi shahara a fagen fasahar zamani a Birtaniya. Baƙi sun dawo, shaguna sun buɗe. Amma mazauna garin da dama sun koka cewa kuɗin hayar gida ya tashi, kuma wasu unguwanni na nan cikin talaucinsu. Ke nan baje koli na iya kawo mutane, amma ba ya raba arziki da kansa.

Folkestone, maƙwabciyar Margate, ta bi wata hanya. Tun 2008 take gayyatar masu fasaha lokaci-lokaci su yi aiki a kan tituna, bakin ruwa da tsofaffin gine-gine. Idan an gama, sai a bar wasu ayyukan a inda suke. A hankali garin kansa ya zama wurin kallo, ko da biki ko babu.

A nan Afirka ta Yamma, Jamestown tsohuwar unguwar masunta ce a Accra, babban birnin Gana. A 2011 wasu matasa masu fasaha suka fara bikin Chale Wote a kan titunanta: zane a bango, hotuna, kiɗa, wasan kwaikwayo. Ba gwamnati ce ta kafa shi ba. Shekaru da dama, duk watan Agusta dubban mutane sun riƙa cika unguwar, mai sayar da kifi da mai ɗaki na haya duk suna samu.

Dakar kuma tana da Dak'Art, wanda ke baje kolin zane tun 1992, kuma gwamnatin Senegal ce ke ɗaukar babban nauyinsa. Ƙarfinsa ya fi fitowa a ɗaruruwan ƙananan nune-nune da mutane ke shiryawa da kansu a gidaje, makarantu da shaguna a lokacin bikin. Rauninsa ya bayyana a 2024, lokacin da aka ɗage shi daga Mayu zuwa Nuwamba ana saura 'yan makonni, bayan masu fasaha da baƙi sun riga sun kashe kuɗin shiri.

Legas ma ta shiga sahu: kasuwar zane ta ART X ta fara a 2016, sannan a 2017 aka yi baje kolin Lagos Biennial na farko a tsohon wurin ajiye jiragen ƙasa na Ebute Metta. Ba a jira an gina sabon zaure ba.

Idan aka tace waɗannan misalai, abu uku ke fitowa. Biki yana buƙatar tsayayyen lokaci da kowa ya sani. Yana buƙatar barin wani abu a gari bayan an watse. Yana kuma buƙatar hannun da ba na gwamnati kaɗai ba.

Kebbi ta ɗanɗana illar rashin na farko. Bikin Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk da wannan suna, an shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a watan Maris na 2020, bayan nan ma aka sake yin dogon jira. Mai otal, mai saƙa ko kamfanin yawon buɗe ido ba zai zuba kuɗi a kan bikin da sai an ji sanarwa a rediyo kafin a san ko za a yi shi ba.

Tamale: misalin da ya fi kusa da gida

Wani zai ce duk waɗannan garuruwa suna kusa da manyan birane da filayen jirgin sama, Zuru kuwa tana can kudancin Kebbi, a kan hanyar da ke tsakanin Kontagora da Sakkwato. Gaskiya ne. Shi ya sa labarin Tamale ya fi amfani a gare mu.

Tamale tana arewacin Gana, kimanin kilomita 600 daga Accra. Gari ne na savana, mafi yawan mutanensa Musulmi, kuma ana jin Hausa a kasuwanninsa. A nan aka haifi Ibrahim Mahama a 1987. Ya yi suna ne da tsofaffin buhunan algarara, waɗanda aka zuba koko a ciki, daga baya aka zuba gawayi. Yakan tara su, ya ɗauki mutane su ɗinke su, ya lulluɓe manyan gine-gine da su, domin ya nuna gumin leburori da tafiyar kaya tsakanin ƙasashe. An nuna aikinsa a babban baje kolin Venice na Italiya a 2015.

Da kuɗi suka shigo, sai ya kai su gida. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale, a 2020 ya ƙara da Red Clay, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara. 'Yan makaranta daga ƙauyuka na zuwa kallo, masana kuma na tasowa daga Turai da Amurka su zo har Tamale.

Abin lura a nan shi ne kayan aikin: buhu ne, abin da kowane manomin Ribah ko Dirin Daji ke da shi a gida. Haka El Anatsui, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, ya yi sunansa da murafen kwalabe. Fasahar zamani ba ta tsaya ga fenti mai tsada da allon zane ba. Rumbun Lelna, garmar golmo, ƙahon farauta, yumɓun ƙasar Zuru, duk kayan aiki ne a hannun wanda ya iya.

Arewacin Najeriya ma ba baƙo ba ne a wannan fage. A Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce sai an haɗa ilimin zane na makaranta da gadon gida. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello na nan yana yaye ɗalibai kowace shekara. Matsalar ita ce wanda ya gama, kasuwarsa na Abuja ko Legas. Babu abin da zai kira shi gida.

Tsaro: maganar da ba za a tsallake ba

Ba a yin zancen jawo baƙi zuwa kudancin Kebbi ba tare da an ambaci 'yan bindiga ba. A watan Yunin 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, waɗanda suka kuɓuta bayan kimanin mako guda. Ƙauyuka da dama sun watse, manoma sun bar gonakinsu.

A irin wannan hali, mai karatu na da hujja idan ya ce: wane zane kuma, mutane na gudun ceton rai?

Mali ta ba da amsa iri biyu. Bikin kiɗa na Sahara da aka fara a 2001 a arewacin ƙasar ya yi suna a duniya, ya kuma dogara sosai da baƙin Turai. Da yaƙi ya ɓarke a 2012, ya tsaya. Bikin Segu kuwa, wanda Mamou Daffé ya kafa a bakin kogin Neja a 2005, ya gina cibiyar al'adu da ke aiki duk shekara, ya riƙe mutanen gari da masu fasahar Mali a matsayin ginshiƙinsa, ya kuma ci gaba shekaru da dama bayan rikicin ya fara, ko da yake ya rage girma a wasu lokuta.

Darasin Zuru a bayyane yake. Kada a gina shiri a kan baƙon da zai taso daga Faransa. A gina shi a kan ɗan Zuru da ke aiki a Kaduna, Abuja, Legas ko wani barikin soja, wanda dama yakan dawo gida a ƙarshen shekara da iyalinsa, da ɗaliban makarantun garin, da maƙwabta daga Kontagora, Rijau da Yawuri.

Sannan fasaha tana da aikin yi a lokacin wahala. A Maiduguri, Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a tsakiyar rikicin Boko Haram, ta riƙa ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki. Aikinta mai suna Bits of Borno ya nuna wa duniya cewa akwai mutane a bayan alƙaluman mutuwa. Ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba da aka tasa suna buƙatar irin wannan shaida. Idan ba a ɗauki hoton rumbunan da aka bari da fuskokin waɗanda suka bar su ba, nan da shekara 20 babu abin da zai rage sai jita-jita.

Batun addini da siffofi

Akwai wata damuwa da ba a cika faɗa a fili ba. Malaman Musulunci da dama ba su yarda da gina siffar abu mai rai ba, wasu Kiristoci kuma na ɗaukar tukwanen kabari a matsayin ragowar bautar da suka bari. Duk shirin da ya yi kunnen uwar shegu da wannan zai gamu da turjiya.

Ana iya bi a hankali. Tsofaffin tukwane kayan tarihi ne, wurinsu gidan tarihi, tare da bayanin abin da suke nufi ga waɗanda suka yi su. Waɗanda ke kan kaburbura har yanzu, a bar su inda suke, a kare su daga ɓarayi. Wurare irin su Girmace, inda ake girmama kadoji, suna da masu kula da su, kuma su ne za su ce ga abin da za a nuna, ga wanda ba za a nuna ba.

Sabon aiki kuwa fili ne mai faɗi. Akwai hoto, akwai zayyana, akwai saƙa da rini, akwai zanen bango, akwai tukunyar da adonta layuka ne kawai, akwai ɗaukar murya da bidiyo. Mai gina siffa ya gina, wanda ba ya so ya yi wani abu. A garin da masallaci da coci ke kallon juna, zauren da kowa zai shiga ya ga aikin ɗan'uwansa ba ƙaramar riba ba ce.

Wa ke da iko da kayan?

Birnin Benin ya nuna abin da kan faru idan ba a daidaita wannan tun farko ba. Jamus ta fara mayar da kayan tagulla na Benin a 2022, Holan ta mayar da 119 a watan Yunin 2025. Amma a watan Nuwamban 2025, masu zanga-zanga suka kutsa cikin sabon gidan tarihi na MOWAA ana shirin buɗe shi, saboda saɓani kan matsayin fadar Oba a harkar, dole aka ɗage bikin. An kashe kuɗi masu yawa, an gayyato baƙi daga ƙasashe, rashin fahimtar juna ya ɓata komai.

Zuru na da fada, da sarautu biyar, da gidajen da suka gaji sana'ar, da gwamnatin jiha, da hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Kafin a ɗauko tukunya ɗaya daga ƙauye, ya kamata a rubuta: ta wa ce, aro ce ko kyauta, wa zai adana ta, wa zai samu kaso idan aka sayar da hotonta. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba a buƙatar ginin biliyoyin naira. Ana buƙatar abubuwa kaɗan da za a yi su da gaske.

Na farko, masarauta da gwamnati su tsayar da lokacin Uhola na dindindin, a sanar da shi shekara guda kafin ya zo, kuma kada a ɗaga shi don jiran wani babban baƙo.

Na biyu, a ware wuri. Garin na da gidan tarihi, yana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020, yana da zaurukan makarantu. Ɗaya daga ciki ya isa baje koli na mako biyu, wanda zai fara kafin ranar biki ya kuma wuce ta, domin 'yan makaranta su samu shiga bayan an sallami manyan baƙi.

Na uku, a gayyaci masu fasaha 10 ko 15, rabi daga masarautar, rabi daga Zariya, Kaduna, Sakkwato ko Jos, su zauna wata guda tare da tsofaffin mata masu ginin tukwane, maƙera da masaƙa. A biya kowa haƙƙinsa, tsohuwa da mai digiri. Wanda zai zaɓi ayyukan ya zama masanin fagen, kada a mayar da abin rabon kwangila.

Na huɗu, a rubuta suna. Kowane aiki ya ɗauki sunan wanda ya yi shi, da garinsu, da shekara, cikin C'lela da Hausa da Turanci. A ɗauki muryar tsofaffin da suka rage da ilimin yumɓu tun suna da rai. Wayar hannu ta isa wannan aiki.

Na biyar, a duba abin da ke cikin gidaje. Ƙasar Zuru ta ba Najeriya sojoji tun zamanin Turawa, har ta fitar da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, daga 1996 zuwa 1999, da manyan hafsoshi irin su Muhammadu Magoro da Tanko Ayuba. Bayan su akwai dubban ƙananan sojoji da hotunansu ke rataye a bangon ɗakuna, da lambobin yabo da wasiƙu a cikin akwatuna. Idan iyalai suka ba da aron su, aka tsara su da kyau, an samu baje kolin da babu wani gari a Najeriya da zai yi irinsa, kuma kowane gida zai zo neman fuskar kakansa.

Na shida, kowace shekara a sayi aiki ɗaya ko biyu a bar wa garin, kamar yadda Folkestone ke yi. Cikin shekara goma Zuru ta mallaki tarin da za a zo gani ko ba lokacin Uhola ba.

Kuɗin fa? Gwamnatin jiha ta riƙe tsaro, hanya da wuri. Ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ta tarayya na iya taimakawa da horo. Amma kuɗin biyan masu fasaha ya fi kyau ya fito daga asusun da 'ya'yan masarautar za su kafa, ta hannun ƙungiyarsu ta ci-gaba, ZEDS, ko wani kwamitin amintattu, kuma a riƙa bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe. Bikin da ke rataye a wuyan gwamna ɗaya yakan tafi tare da shi.

Argungu na da gidan tarihi na Kanta, a cikin fadar da aka gina a 1831, ga kuma tambarin UNESCO. Yawuri na da kogi da jiragen ruwa. Zuru ba za ta yi gasa da su a nan ba, kuma ba ta buƙata. Nata rabon yana hannun matan da suka san yadda ake juya yumɓu, da matasan da ke ɗauke da kyamara a aljihu. Matan nan suna tsufa. Duk Uholar da ta wuce ba a zaunar da su tare da matasan ba, wani ilimi ya tafi wanda kasafin kuɗi ba zai dawo da shi ba.